ZARE: Yadda aka sare wa kakana kai a bidiyo, da tarihin baƙin layin da ke saman fim da ƙasansa

1/
Zaren yau mai tsawo ne, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai da safe. Magana ce a kan baƙin layin nan da ke fitowa sama da ƙasan fim, ko gefe da gefe, wanda da yawanmu muke jin haushinsa har mu sa yatsa biyu mu buɗe hoton ya cika allo. Ni ma haka nake yi, har zuwa hutun da ya wuce.

2/
Umma ce ta ciro kaset ɗin bikinsu na 1999 daga ƙasan akwati, ta ce in kai a juye mata shi a waya. Na kai wani shago, bayan kwana uku na karɓo a memori. Muka zauna kallo da daddare. Aka zo wajen ɗaurin aure, maza sun jeru ana shafa fatiha. Sai ta ce, "Tsayar min. Ina fuskar Baba?"

3/
Mahaifinta dogo ne, Allah ya jiƙansa, kuma a sahun baya ya tsaya. A bidiyon da na karɓo, babbar riga ce kawai da gemu. Daga hanci zuwa rawani babu. Kuma wannan kaset shi kaɗai ne inda yake motsi yana dariya. Abin da ya rage mana nasa hotuna uku ne na kati.

4/
Washegari na koma shagon. Mutumin bai ma ga laifi a ciki ba. "Ai gyara na yi maka abokina. Fulsikirin na mayar da shi, don kar ku ga baƙi a gefe." Kuma tsakani da Allah yake faɗa, a ganinsa alheri ya yi min. Wannan amsar ce ta sa na shafe sauran hutun ina tonon inda matsalar ta samo asali. Ashe ta girmi kakan nawa ma.

5/
Lissafi kaɗan kafin tarihi, ku yi haƙuri. Kowane hoto yana da awo, wato faɗinsa idan an gwada da tsayinsa. Tsohuwar talabijin mai ƙeya 4:3 ce: faɗi huɗu, tsayi uku, wato 1.33. Filasma da waya a kwance 16:9 ne ko fiye, wato 1.78. Manyan fina-finan silima sukan kai 2.39.

6/
To idan za ka saka hoton 4:3 a allon 16:9, hanya uku ce gare ka. Ko ka bar baƙi dama da hagu. Ko ka ja hoton gefe-gefe, kowa ya ƙara ƙiba da kashi 33 cikin 100. Ko ka buɗe shi ya cika allo, kwata guda na tsayinsa ya tafi, rabi ta sama rabi ta ƙasa. Babu ta huɗu. Mai shago ya ɗauki ta uku, kan kakana kuma yana cikin kwatan da ya tafi.

7/
Mu koma farko. Wajen 1892, a ɗakin binciken Thomas Edison a Amurka, akwai ma'aikacinsa William Dickson. Shi ya ɗauki ledar fim ta kamfanin Eastman mai faɗin milimita 70 ya tsaga ta biyu, ta zama 35. Ya yi mata ramuka a gefe don haƙoran na'ura su riƙa jan ta, kowane hoto tsayinsa ramuka huɗu. Filin da ya rage a tsakiya shi ya ba da 4:3.

8/
Wato 4:3 ba daga sama ya faɗo ba. Shawarar injiniya ce da ledar da ya samu a hannu. Amma ta zaunar da duniyar silima shekara sittin, ta kuma zaunar da talabijin har zuwa yarintarmu.

9/
Karo na farko da aka fara sare kawuna, sauti ne ya jawo. A ƙarshen shekarun 1920 aka fara ɗora murya a jikin ledar fim ɗin, wani siririn layi a gefe. Layin ya ci fili, hoto ya koma kusan murabba'i, wajen 1.19. Masu gidajen silima ba su so ba, sai kowa ya riƙa rufe sama da ƙasa yadda ya ga dama, kai da ƙafa suna tafiya. A 1932 hukumar nan mai ba da kyautar Oscar ta tsayar da awo ɗaya, 1.37, kowa ya huta.

10/
Da talabijin ta zo, 4:3 ta ɗauka. Duk fim ɗin da ke ajiye a lokacin yana shiga akwatin daidai wa daida. Zaman lafiya ya kusa tabbata, sai kasuwa ta shigo.

11/
Bayan yaƙin duniya na biyu talabijin ta cika gidajen Amurka, mutane suka rage zuwa silima sosai. Kamfanonin Holiwud suka ce dole a ba mutane abin da akwatin falo ba zai iya ba: girma da faɗi. A 1952 aka fito da Cinerama, majigi uku suna haska lanƙwasasshen allo guda a lokaci ɗaya. Ya burge, amma tsada da wahala sun yi masa yawa.

12/
Sai kamfanin Fox ya tuna da wani Bafaranshe, Henri Chrétien, wanda tun ƙarshen shekarun 1920 ya ƙera wani gilashin kyamara da ba wanda ya damu da shi. Aikin gilashin: ya matse hoto mai faɗi ninki biyu ya shiga ledar 35 ta kullum. A jikin ledar kowa siriri ne kamar kara. A silima sai a sa wa majigi gilashi irinsa ya warware matsin. Suka kira shi CinemaScope, fim na farko The Robe, 1953.

Ku riƙe wannan dabarar ta matsewa da warwarewa. Za ta dawo, kuma ita ce ummul haba'isin rabin matsalar da muke gani a wayoyinmu.

13/
Abin dariyar yana nan. A wannan shekarar ta 1953 kamfanin Paramount yana da fim ɗin kaboyi mai suna Shane, an riga an ɗauke shi a 1.37. Ga shi kowa faɗi yake nema. Sai suka sa a rufe sama da ƙasa a majigi, a buɗe abin da ya rage, aka haska shi a 1.66 a matsayin fim mai faɗi. Abin da mai shagon unguwarmu ya yi wa kakana, Paramount ta yi wa nata fim ɗin da hannunta shekara saba'in da suka wuce.

14/
Daga nan kowa ya fito da nasa awon: 1.66, 1.85, 2.35, 2.55. Ben-Hur na 1959 ya kai 2.76, kamar tabarma a shimfiɗe. Da ƙura ta lafa biyu suka fi tsayawa, 1.85 da 2.35, wanda aka ɗan gyara zuwa 2.39 a 1970. Indiya ma ta shiga: Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt, 1959, shi ne nasu na farko a CinemaScope, daga baya kuma faɗin ya zama ruwan dare a fina-finansu.

15/
Yanzu matsala ta juyo. Fina-finai sun yi faɗi, talabijin tana nan a 4:3, kuma gidajen talabijin suna son nuna su. Sai aka ƙirƙiro wata sana'a: mutum ya zauna da na'ura, ya ɗora taga mai awon 4:3 a kan fim ɗin, yana jan ta dama da hagu yana bin inda yake ganin labari yake. Abin da taga ta kama shi za ku gani.

16/
Ku yi lissafin: 1.33 a cikin 2.35. Kashi 43 cikin 100 na hoton ya tafi. A Ben-Hur fiye da rabi. Darakta ya ajiye mutum biyu, ɗaya a wannan ƙarshen allo ɗaya a wancan, don ka ji nisan da ke tsakaninsu. A talabijin sai ka ga mutum ɗaya yana magana da iska, ko hanci biyu suna fuskantar juna da bango a tsakiya.

17/
Wanda ya taɓa kallon tsohon kaset ɗin Indiya ya san wannan ko bai san sunansa ba. Rawa ta mutum talatin, kana ganin goma sha biyar da hannun wasu a gefe. Sannan a farkon fim, wajen sunaye, kowa ya zama dogo siriri, da sunaye sun ƙare a koma daidai. Ba lalacewar kaset ba ce. Matsin CinemaScope ne suka bari ba su warware ba, don kar sunayen su yanke. Iyayenmu da suka ga waɗannan fina-finai a silimun Kano irin su Plaza da Orion sun ga abin da mu ba mu gani ba.

18/
Daraktoci sun yi faɗa a kai. Woody Allen ya ƙi yarda a fitar da Manhattan a bidiyo sai da cikakken faɗinsa, da baƙi sama da ƙasa. Sydney Pollack ya kai gidan talabijin na Denmak kotu a shekarun 1990 saboda an datse masa Three Days of the Condor. Kotu ta yarda an ɓata fim ɗin, amma bai ci shari'ar ba, don haƙƙin ba a hannunsa yake ba.

Masu kallo kuwa? Da yawansu ƙorafi suke idan sun ga baƙin layi, wai an rufe masu rabin fim. Alhali a lokacin ne kawai ake ba su shi cikakke.

19/
16:9 fa, daga ina? A 1984 wani injiniya, Kerns Powers, yana cikin kwamitin da ke tsara talabijin ta gaba. Ya yanka takardu masu girman fili ɗaya, kowace da awon da ake amfani da shi, daga 1.33 zuwa 2.35, ya ɗora su a kan juna ta tsakiya. Ya ga duk suna shiga cikin akwati mai awon kusan 1.78. Wato 16:9 sulhu ne. An zaɓe shi ne don kowa ya ɗan yi asara kaɗan: tsohon fim baƙi a gefe, na silima baƙi a sama da ƙasa.

20/
To yanzu mun iso inda nake son zuwa, lokacin da fim ya bar leda da kaset ya zama lambobi.

A 1993 aka fito da VCD. Hotonsa a tsarin da muke amfani da shi a Najeriya ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Ɗigon nan shi ne fiksel. Raba 352 da 288, za ka samu 1.22. Amma talabijin 1.33 take nunawa. Ta yaya?

21/
Saboda fiksel ɗin VCD ba murabba'i ba ne. Yana da ɗan faɗi. Na'urar CD ta san haka, tana buɗe shi kafin ya isa allo. Fiksel ɗin kwamfuta da waya kuwa murabba'i ne cif. Duk wanda ya kwafi VCD zuwa kwamfuta bai gaya wa manhaja wannan ba, mutanen ciki sun rame ke nan. Kaɗan ne, shi ya sa ba a cika lura ba, amma yana nan.

22/
Wannan ya shafe mu kai tsaye. Fim ɗin Kannywood a bidiyo aka haife shi, ba a leda ba. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa zamanin su Sangaya da Wasila, kyamarar bidiyo ce, kaset ne, daga baya faifan CD a kasuwar Ƙofar Wambai. Duk 4:3. An tsara kowane hoto ne don akwatin talabijin: kai yana kusa da saman allo, fassarar Turanci tana can ƙasa. Babu rarar filin da za a datse.

23/
DVD ya fito a Japan a 1996, ya ƙara rikita lamarin. A namu tsarin, kowane DVD 720 ne da 576. Ko fim ɗin 4:3 ne, ko 16:9 ne, adadin ɗigon ɗaya ne. Bambancin wata 'yar alama ce a cikin faifan da ke gaya wa na'ura: buɗe wannan zuwa 4:3, ko buɗe shi zuwa 16:9. Dabarar Chrétien ce ta dawo, gilashi ya zama lamba. Idan alamar ta ɓata a hanya, 720 da 576 zai fito a 1.25, awon da ba na kowa ba.

24/
A 1999 abubuwa biyu suka haɗu. Wani yaro ɗan shekara 15 a Norwe, Jon Johansen, tare da wasu, suka saki manhajar da ke buɗe makullin DVD. A daidai wannan zamanin wani Bafaranshe, Jérôme Rota, ya kwance wata manhajar matse bidiyo ta Microsoft ya sake ta da sunan DivX. A 2001 Xvid ta biyo baya, kyauta, sunanta ma DivX ne aka juya.

25/
Burin kowa a lokacin guda ne: fim ɗin da ke faifan DVD mai gigabait 4.7 ko 8.5 ya shiga faifan CD ɗaya mai megabait 700. Ku lissafa da ni. Fim na awa biyu daƙiƙa 7,200 ne. Megabait 700 a raba masu, kowace daƙiƙa ta samu wajen kilobit 780, har da sauti. DVD kuwa yakan kashe ninki shida ko fiye. Talauci ne na gaske, kowane ɗigo sai an yi masa kasafi.

26/
A nan datsewa ta zama ilimi. Fim mai awon 2.35 a kan DVD ɗin 16:9, layi wajen 436 ne kawai hoto daga cikin 576. Sauran kusan 140 baƙi ne, wato kwata guda. Za ka ce ai baƙi ba ya cin komai. Baƙi tsantsa kam ba ya ci sosai. Matsalar tana bakin iyaka, inda baƙi ya haɗu da hoto.

27/
Manhajar matse bidiyo tana yanka kowane hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 16 da 16, kamar tayil. Tana son gidan da launinsa ke tafiya a hankali. Kaifin layi shi ne maƙiyinta. Idan iyakar baƙi ta ratsa tsakiyar gida, to duk gidajen da ke wannan jeren, sama da ƙasa, a kowane hoto, hoto 25 a daƙiƙa, suna shan kasafin da ya kamata ya tafi fuskar jarumi. Ga shi baƙin DVD sau da yawa ba tsantsa ba ne, akwai 'yar ƙura a ciki, ita ma sai an biya mata.

28/
Don haka ƙa'ida ta zama: datse baƙin duka. Amma faɗi da tsayin da suka rage dole su rabu da 16 ba saura. Ka cire 72 sama, 72 ƙasa, ya rage 432, wanda 16 sau 27 ne. An ci layi biyu-biyu na ainihin hoto, an yafe wannan.

29/
Saura tarko na biyu. Fayil ɗin AVI da ake zuba DivX a ciki ba a iya dogara da shi ya riƙe waccan alamar ta awo. To dole ka warware matsin da kanka kafin ka matse. 720 da 432 a zahiri 1024 ne da 432. Ka rage shi, ka nemo lambobi biyu masu rabuwa da 16 da suka fi kusa da awon asali. Amsar da aka fi samu: 640 da 272.

Duk wanda ya taɓa ganin tsohon fim na megabait 700 a kwamfutar yayansa, ya duba, akwai yiwuwar wannan lambar ce. Na shirye-shiryen talabijin kuma 624 da 352.

30/
Har manhajoji aka yi don wannan lissafin kawai, irin su Gordian Knot, tana nuna maka kashi nawa cikin 100 awonka ya kauce. Mutane suna musu a kan kaucewar kashi ɗaya. Ni dai abin ya ba ni mamaki: waɗanda masana'antar fim ke kira ɓarayi, sun fi wasu gidajen talabijin kula da siffar fim. Ba ina wanke satar fasaha ba ne, ita ta durƙusar da kasuwar faifan Kannywood, kowa ya sani. Amma a wannan gaɓar sun yi aikin tsanaki.

31/
Wanda bai yi tsanakin ba kuma, ya bar 720 da 432 yadda yake. Fim na 2.35 ya fito a 1.67, kowa ya rame da kashi 30 cikin 100. Tayar mota ta zama ƙwai a tsaye.

32/
Mu namu zamanin ya fara ne da 3GP. Wa ya tuna? 176 da 144, a ƙaramar Nokia, fuska kamar an zana ta da gawayi. Ka je wajen masu turi a cika maka memori. Fim ɗin da ke ciki wataƙila ya bi ta hannu huɗu: daga silima zuwa DVD, zuwa AVI, zuwa VCD, zuwa 3GP. A kowace tasha wani ya danna "cika allo" ko ya bar manhaja ta zaɓa masa. Kuskure yana hawa kan kuskure. Mun taso muna ganin jarumai da doguwar fuska har idonmu ya saba.

33/
Fasaha ta gyaru daga baya. H.264 ya zo a 2003, shi ne a cikin mafi yawan MP4 ɗin da ke wayarka. MP4 da MKV suna riƙe alamar awo, ba sai ka miƙa komai da hannu ba. Amma gidan 16 bai mutu ba. 1080 ba ya rabuwa da 16. Don haka bidiyon 1080 a H.264 a ɓoye layi 1088 ne, da umarni a ciki cewa a datse 8 kafin a nuna. Har hoton da muke kira cikakke, datsattse ne.

34/
Yanzu manhajoji irin HandBrake suna gano baƙin da kansu su cire. Galibi daidai suke yi: fim na 1920 da 1080 ya koma 1920 da 800, an cire 140 sama 140 ƙasa, ba a taɓa hoto ba. Amma suna ruɗewa. Fim mai yawan duhu, sai manhaja ta ɗauki dare a matsayin baƙin layi. The Dark Knight na 2008 a Blu-ray yana sauya awo a tsakiyar fim, wasu wuraren hoton yana cika allo. Ka datse da awo ɗaya, ka yanke waɗannan wuraren. Idan kuma fassara a cikin baƙin aka rubuta ta, ta bi shi.

35/
A ƙarshen 2008 YouTube ya mayar da allonsa 16:9. Ku je ku nemi tsofaffin fina-finan Hausa a can yanzu, ku kalla da wannan idon. Wani an ja shi, jaruma ta yi faɗi kamar an zauna mata a ka. Wani an buɗe shi, ɗankwali ya tafi, rabin fassara ya nutse. Wani kuma baƙi ta ko'ina huɗu, hoto ɗan mitsitsi a tsakiya, saboda an liƙa baƙi a jikin bidiyon sannan allo ya ƙara nasa.

Abin da ke damuna: wasu daga cikin fina-finan nan, wannan kwafin na intanet shi ne wanda yawancinmu za mu taɓa gani.

36/
Kar ku ce rashin ilimi ne na masu shago. A 2019 Disney+ ta ɗora tsofaffin The Simpsons a datse zuwa 16:9. Akwai wajen da ake nuna giya iri uku a masana'anta, abin dariyar shi ne duk daga bututu ɗaya suke fitowa. Bututun yana sama, an yanke shi. Sai da mutane suka yi ta surutu kafin a 2020 aka dawo da zaɓin 4:3. A 2021 Seinfeld ya hau Netflix, akwai kashin da labarinsa a kan wani rami ne a titi, mutum yana nuna ramin, ramin ba ya cikin allo.

37/
Sai kuma TikTok da 'yan'uwansa suka tayar da allon tsaye, 9:16. Fim na 2.39 idan aka cika shi a wannan allon, ƙasa da kwata na faɗinsa ne ya rage. Na 4:3 kuma kashi 42 cikin 100. Sana'ar nan ta jan taga dama da hagu da aka yi wa dariya ta dawo, yanzu manhaja ce ke bin fuska da kanta.

38/
Ra'ayina, kuma kowa yana da nasa: ban damu da yanka guntun fim don TikTok ba. Talla ce, kowa ya san ba shi ne fim ɗin ba, ni ma ina yi. Inda nake da magana shi ne kwafin ajiya, wanda daga shi za a riƙa kwafa. A wannan, baƙin da babu hoto a cikinsa a cire shi, babu asara. Amma ɗigo ɗaya na hoto kar a taɓa don a faranta wa allon yau. Allon 1999 ba shi ne na yau ba, na yau ma ba zai kai 2040 ba.

39/
Kuma laifin biyu ba ɗaya ba ne. Bidiyon da aka ja ko aka matse yana da magani: buɗe shi a VLC, shiga wajen awon hoto, zaɓi 4:3, kowa ya koma jikinsa. Gwajin mai sauƙi ne, nemi abu mai zagaye a ciki, taya, agogon bango, bakin tukunya. Wanda aka datse kuwa babu manhajar da za ta dawo da shi. Masu cewa AI zai cike gurbin, zai zana wani kai ne da wani rawani, ba na kakana ba.

40/
Idan za ku kai kaset ko faifai a juye maku, ku faɗa da baki: a bar shi 4:3, 768 da 576 ko 640 da 480, ba ma son fulsikirin. Za ku ga wani siririn layi yana rawa a can ƙasan hoton kaset. Wannan daga kan na'urar bidiyo yake, tsohuwar talabijin tana ɓoye shi ne a bayan firam ɗinta. A rufe shi da baƙi ko a bar shi, kar a buɗe hoto saboda shi. Sannan ku karɓo kaset ɗinku. Kar ku bar shi a shago, kar ku yar.

41/
Mu Allah ya taimake mu, na karɓo namu tun ranar farko. Wani abokina a makaranta yana da 'yar na'urar da ke haɗa bidiyo da kwamfuta, muka aro tsohuwar na'urar kaset a gidan kawuna, muka share mata kai da auduga da sifirit. Awa uku muna zaune, don kaset ba a yi masa gaggawa, yadda yake tafiya haka ake ɗauka.

42/
Na kai wa Umma a filasmar falo, baƙi dama da hagu, hoto a tsakiya. Ƙanwata ta ɗauki rimot za ta cika allo, na ƙwace. Aka zo wajen fatiha. Ga shi nan a sahun baya, farin rawani, ya fi kowa tsawo, yana sunkuyowa yana yi wa na gabansa raɗa. Umma ta ce in mayar baya. Sau huɗu na mayar.

Sai ta ce akwai wani kaset ɗin a akwatin, na sunan yayana. Shi kuma fumfuna ta fara cin gefensa. Wanda ya san mai wanke kaset a Kano ya ajiye min a ƙasa.